Ƙarancin sukari a jini: Alamominsa da yadda abinci ke taimakawa

Yawancin bayanan da ake yi wa jama'a game da sukari a jini sun fi karkata ne ga hawansa, to amma likitoci na cewa saukarsa fiye da kima ta fi saurin jefa mutum cikin haɗari.

Hawan sukari galibi yakan ɗauki shekaru yana yi wa ido da ƙoda da jijiyoyi illa sannu a hankali, yayin da faɗuwarsa kan iya sumar da mutum a cikin ɗan ƙanƙanen lokaci, yana kan hanya ko a gona ko kuma yana barci.

Matsalar ta fi addabar masu fama da ciwon sukari da ke karɓar magani. Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Sukari ta Duniya, IDF, ta ƙiyasta cewa manya miliyan 589 ne ke ɗauke da cutar a faɗin duniya a shekarar 2024. Sai dai akwai kuma mutanen da ba su da ciwon sukari, amma sukan yi fama da rawar jiki da gumi da jiri idan suka jinkirta cin abinci, ko kuma 'yan sa'o'i bayan sun ci.

Abinci na da matsayi iri biyu a wannan lamari. A lokacin da sukarin ya faɗi, abu mai zaƙi shi ne magani. A sauran lokuta kuwa, abincin da ke narkewa a hankali shi ke hana faɗuwar ta sake aukuwa. Masana sun ce haɗa waɗannan biyu wuri guda na daga cikin kura-kuran da aka fi yi.

Yadda jiki ke daidaita sukari

Duk abincin da ke da sitaci, kamar tuwo da shinkafa da burodi da doya, yakan rikiɗe ya zama wani nau'in sukari da ake kira gulukos bayan ya narke, daga nan ya shiga jini.

Gulukos ɗin da ke yawo a jinin baligi mai lafiya a kowane lokaci bai wuce kimanin giram 4 ba, wato cikin ƙaramin cokalin shayi guda. Ita kuwa ƙwaƙwalwa tana buƙatar kusan giram 120 a kowace rana, kuma ba ta da rumbun da za ta yi tanadi a ciki. Wannan ne ya sa ita ce ke fara shiga wani hali da zarar sukarin ya ragu.

Wata gaɓa da ke kwance a bayan tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriyas, ita ke kula da wannan ma'auni. Bayan an ci abinci takan saki sinadarin insulin, wanda ke kwashe gulukos daga jini ya kai shi tsoka da hanta. Idan kuma yunwa ta yi nisa, sai ta saki wani sinadarin mai suna gulukagon, wanda ke umartar hanta ta fito da abin da ta ajiye.

Hanta kan ajiye kimanin giram 100, wanda kan kusa ƙarewa idan mutum ya yini ya kwana bai ci komai ba. Daga nan sai ta koma sarrafa sabon gulukos daga wasu sinadarai na jiki. Saboda haka ne mai ƙoshin lafiya ke iya yin azumi ba tare da sukarinsa ya faɗi zuwa matakin haɗari ba.

Ma'auni

Ga mai ciwon sukari, ana ɗaukar cewa sukari ya sauka idan na'urar gwaji ta nuna ƙasa da miligiram 70 a kowace desilita ta jini. A na'urorin da ke amfani da ɗaya ma'aunin, wato milimol a kowace lita, kamar yadda aka saba a Ghana da Birtaniya, adadin ya yi daidai da 3.9. A Jamhuriyar Nijar da sauran ƙasashe masu amfani da Faransanci kuwa, sau da yawa akan rubuta shi giram 0.70 a kowace lita.

Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Amurka ta kasa matsalar gida uku. Mataki na farko shi ne daga ƙasa da 70 zuwa 54. Na biyu shi ne ƙasa da 54, inda ƙwaƙwalwa ke fara gazawa. Na uku kuwa shi ne duk lokacin da mutum ya kasa taimakon kansa, sai wani ya kawo masa ɗauki, komai lambar da na'ura ta nuna.

Ga wanda ba shi da ciwon sukari, likitoci na bin sharuɗɗa uku da wani likitan tiyata Ba'amurke, Allen Whipple, ya gindaya a shekarar 1938. Dole ne a ga alamomin, a auna jini a daidai lokacin a tarar sukari ya yi ƙasa, sannan alamomin su gushe bayan an ba mutumin sukari.

Muhimmancin waɗannan sharuɗɗa shi ne, akwai cututtuka da dama masu alamomi iri ɗaya da wannan. Ƙarancin jini, wanda abu ne daban da ƙarancin sukari, yana sa jiri da kasala. Haka ma faɗuwar bugun jini, da ƙarancin ruwa a jiki lokacin bazara, da tsananin fargaba.

Alamomi

Alamomin farko gargaɗi ne daga jiki. Sun haɗa da karkarwar hannu, da gumi mai sanyi ko da ba a zafi, da bugun zuciya da sauri, da matsananciyar yunwa, da jin wani irin tsikari a leɓe ko yatsu.

Idan ba a ɗauki mataki ba, sai alamomin gazawar ƙwaƙwalwa su biyo baya: ciwon kai, da gani dishi-dishi, da harɗewar harshe, da tangaɗi, da saurin fushi ba dalili, da ruɗewa. Daga nan mutum kan iya faɗuwa yana jijjiga ko ya shiga doguwar suma.

A wannan mataki ne ake yawan kuskuren fahimtar abin da ke faruwa. Wasu kan zaci mutumin ya sha wani abu ne, wasu su ce farfaɗiya ce ko shanyewar ɓarin jiki, wasu kuma su danganta abin da bugun iska, a ɓata lokacin da ya kamata a ce an ba shi sukari.

Idan abin ya faru da dare, alamarsa ita ce mutum ya farka sharkaf da gumi, ko ya yi ta munanan mafarkai, ko ya tashi da ciwon kai da gajiya.

Akwai kuma waɗanda jikinsu ya daina yi musu gargaɗi, musamman waɗanda suka daɗe suna allurar insulin kuma sukarinsu ya sha faɗuwa. Bincike ya nuna cewa idan irin waɗannan suka kauce wa faɗuwar sukari na tsawon makonni biyu zuwa uku, jin alamomin kan dawo musu. Wasu magungunan hawan jini, irin su furofaranolol, su ma kan ɓoye karkarwa da bugun zuciya.

Dalilan da ke haddasa shi

Tun da aka fara yi wa marasa lafiya allurar insulin a birnin Toronto na ƙasar Kanada a watan Janairun 1922, likitoci suka gane cewa maganin da ke ceton rai yana iya wuce gona da iri. Har yanzu insulin ne kan gaba wajen haddasa matsalar, sai kuma wani rukunin ƙwayoyi da ya haɗa da gilibenkilamid da gilimefirid da gilikilazid, waɗanda ke tilasta wa fankiriyas sakin insulin ko an ci abinci ko ba a ci ba.

Gilibenkilamid yana daɗewa a jiki, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta bayyana a jerin muhimman magungunanta cewa bai dace da waɗanda suka haura shekara 60 ba. Shi kuwa metfomin, wanda shi ne aka fi fara bai wa masu nau'i na biyu na cutar, ba kasafai yake saukar da sukari fiye da kima ba idan shi kaɗai ake sha.

Galibi abin kan faru ne idan an sha magani amma aka tsallake abinci, ko aka ci kaɗan, ko aka yi aikin ƙarfi fiye da yadda aka saba, kamar noma ko doguwar tafiya a ƙasa. Ciwon ƙoda na ƙara haɗarin domin magani kan daɗe bai fita daga jiki ba. Haɗa maganin asibiti da na gargajiya ba da sanin likita ba shi ma yana da nasa haɗarin, ganin cewa wasu tsirrai irin su hulba suna rage sukari.

A ƙasashen Afirka ta Yamma, zazzaɓin cizon sauro mai tsanani na daga cikin manyan dalilai, musamman ga ƙananan yara da mata masu juna biyu. Maganin kwinin shi kansa yana sa jiki sakin insulin mai yawa, kuma wannan na cikin illolin da suka ragu bayan da WHO ta fifita allurar atesunet a kansa wajen jinyar zazzaɓi mai tsanani. Yara masu tamowa da jarirai bakwaini su ma sukarinsu kan faɗi da sauri.

Cin ɗanyen 'ya'yan itacen gwanja kusa, wanda Yarbawa ke kira ishin, kafin su nuna su buɗe da kansu, yana hana hanta sarrafa gulukos. An danganta mutuwar yara 29 a kudu maso yammacin Burkina Faso a shekarar 1998 da wannan itace.

Sauran dalilan sun haɗa da ciwon hanta mai tsanani, da shan barasa ba tare da abinci ba, da wani ƙari a fankiriyas mai fitar da insulin, wanda ke kama kimanin mutum 4 cikin miliyan guda a shekara, kuma akasari ana warkewa bayan tiyata.

Faɗuwar sukari bayan cin abinci

Wasu mutanen da ba su shan kowane magani kan ji alamomin cikin sa'o'i biyu zuwa huɗu bayan sun ci abinci, musamman mai zaƙi ko mai saurin narkewa. Bayanin da masana ke yi shi ne, sukarin kan hau da sauri, jiki ya saki insulin fiye da buƙata, daga bisani sukarin ya sauka ƙasa da inda ya taso.

An fi ganin haka ga waɗanda aka yi wa tiyatar tumbi, da kuma wasu da ke matakin farko na ciwon sukari ba su sani ba. Akwai kuma da yawa da ke jin alamomin amma idan aka auna sai a tarar sukarinsu bai faɗi ba. Su ma sauya tsarin abinci kan kawo musu sauƙi.

Misalin da aka saba gani shi ne na ma'aikacin da ya karya kumallo da shayi mai sukari da farin burodi da ƙarfe bakwai, zuwa hantsi sai ya ji jikinsa na rawa. Idan ya nemi lemon kwalba zai ji sauƙi nan take, amma bayan sa'o'i biyu ya sake komawa gidan jiya.

Taimakon gaggawa

Ga mutumin da ke cikin hayyacinsa kuma yana iya haɗiya, ƙa'idar da aka fi sani ita ce a ba shi giram 15 na sukari mai saurin shiga jini, a jira minti 15, sannan a sake aunawa. Idan har yanzu bai kai 70 ba, sai a maimaita.

Giram 15 ya yi daidai da babban cokali guda na sukari ko zuma, ko ƙwayar sukari uku zuwa huɗu da aka narkar a ruwa, ko rabin kofi na lemon kwalba mai sukari ko ruwan 'ya'yan itace. Lemon da aka rubuta cewa ba shi da sukari ba zai yi amfani ba. Cakulan da gyaɗa da soyayyen abinci su ma ba su dace ba a wannan lokaci, domin maiƙo na jinkirta shigar sukari cikin jini. Ba a bai wa jaririn da bai kai shekara guda ba zuma.

Da zarar mutum ya dawo daidai, sai ya bi da abinci mai riƙe ciki, kamar alale ko wake da shinkafa ko burodi da ƙwai, idan lokacin cin abinci bai yi ba.

Idan kuwa ya suma ko yana jijjiga, ba a ɗura masa ruwa ko abinci a baki, domin yana iya shaƙewa. Akan kwantar da shi ta gefe guda, a garzaya da shi asibiti inda za a sa masa gulukos ta jijiya. Akwai allurar gulukagon da iyali za su iya koyon yi, sannan a shekarar 2019 hukumomin Amurka suka amince da wani nau'insa da ake fesawa a hanci, ko da yake samun su a ƙasashe matalauta yana da wuya.

Binciken da aka gudanar kan yara a Burkina Faso da kuma Mali, wanda aka wallafa a shekarun 2005 da 2008, ya nuna cewa ma'aikatan lafiya na iya ɗaga sukarin yaro ta hanyar sanya jiƙaƙƙen sukari kaɗan a ƙarƙashin harshensa, kafin a samu damar yi masa ƙarin ruwa.

Wanda maganin gilibenkilamid ya saukar wa sukari yana buƙatar ganin likita ko da ya farfaɗo, saboda abin kan iya dawowa cikin yini guda ko fiye.

Abincin yau da kullum

Shawarar farko da masana abinci ke bayarwa ita ce kiyaye lokaci. Mai fama da wannan matsala ya fi dacewa ya riƙa cin abu kaɗan bayan kowace sa'a uku zuwa huɗu, maimakon ya yini da yunwa ya cika ciki da dare. Mai shan magani kuma kada ya tsallake karin kumallo.

Ta biyu ita ce zaɓen hatsin da bai sha surfe da tacewa ba. Tun a shekarar 1981 wani masani a Jami'ar Toronto, David Jenkins, ya fito da ma'aunin da ke nuna cewa abinci iri-iri na ɗaga sukari da sauri daban-daban. Farin burodi da farar shinkafa suna sama a wannan ma'auni, wake da danginsa kuma suna ƙasa. Tuwon dawa ko gero ko alkama da ke tare da dusarsa ya fi na tataccen gari jinkirin narkewa. Koko da kunun da aka tace aka zuba wa sukari suna shiga jini da wuri.

Ta uku ita ce kada a ci sitaci shi kaɗai. Haɗa shi da abinci mai gina jiki da ganye na rage saurin hawan sukari, kuma hakan na rage faɗuwar da ke biyo baya. Koko da ƙosai ya fi koko zalla. Haka nan fura da kindirmo ba tare da sukari ba, da ɗanwake da ƙwai, da kwaɗon zogale ko rama da ƙuli-ƙuli, da dambu mai ganye, da tuwo madaidaici da miyar kuka ko kuɓewa mai kifi.

Tsakanin abinci kuwa, gyaɗa ko gurjiya ko awara ko dafaffen ƙwai sun fi biskit da alawa. Cin lemo ko gwaba ko mangwaro ɗungurungum ya fi shan ruwansu da aka matse.

A shekarar 2015 WHO ta ba da shawarar cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abinci a rana, wato kimanin giram 50 ga baligi. Kwalbar lemo guda ta mililita 350 na ɗauke da kusan giram 35 ko fiye. Zoɓo da kunun zaƙi na sayarwa su ma sau da yawa suna da sukari mai yawa.

Shayi mai ƙarfi da gahawa da goro na ƙara karkarwa da bugun zuciya ga wasu, musamman idan ciki babu komai.

Azumi

Wani babban bincike da aka wallafa a shekarar 2004, wanda ya shafi masu ciwon sukari fiye da 12,000 a ƙasashe 13 masu yawan Musulmi, ya gano cewa kashi 79 cikin 100 na masu nau'i na biyu da kashi 43 na masu nau'i na farko sun azumci aƙalla kwana 15 a watan Ramadan. Faɗuwar sukari mai tsanani ta ninka sau 7.5 ga masu nau'i na biyu, sau 4.7 kuma ga masu nau'i na farko.

Ƙa'idojin da IDF ta fitar tare da haɗin gwiwar ƙwararru kan ciwon sukari da Ramadan a shekarar 2016, aka kuma sabunta su a 2021, sun ba da shawarar a ga likita makonni shida zuwa takwas kafin azumi, domin a duba ko mutum zai iya, a kuma daidaita masa yawan magani da lokacin shansa.

Ƙa'idojin sun ce mai ciwon sukari ya karya azumi nan take idan sukarinsa ya yi ƙasa da 70 ko ya haura 300, ko kuma ya ji alamomin faɗuwarsa, ko da kuwa saura kaɗan rana ta faɗi. Sun kuma bayyana cewa tsira yatsa domin gwaji ba ya karya azumi. A shekarar 2009, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke hukunci a zamanta na Sharjah cewa waɗanda likitoci suka tabbatar azumi zai yi wa mummunar illa su sha, bisa rangwamen da Alƙur'ani ya yi wa marar lafiya a Suratul Baƙara.

Ga wanda aka amince masa ya yi, ana son ya jinkirta sahur zuwa gab da alfijir, ya ci abinci mai jinkirin narkewa kamar wake da tuwon dawa da kindirmo. Da buɗa-baki ya fara da ruwa da dabino ɗaya zuwa uku, ya taƙaita soye-soye da kayan zaƙi. Lokacin da ya fi haɗari shi ne daga la'asar zuwa magariba, don haka a guji aikin ƙarfi a wannan tsakani.

Zama da matsalar

Likitoci na shawartar duk mai allurar insulin ko shan ƙwayoyin da aka ambata da ya riƙa yawo da ƙwayar sukari a aljihu, ya ajiye wasu a gefen gado da cikin mota, ya kuma ɗauki wata takarda mai nuna ciwonsa da maganin da yake sha. Yana da kyau iyalinsa da abokan aikinsa su san alamomin da abin da za su yi, domin idan ruɗewa ta zo shi kansa yana iya ƙin karɓar taimako.

A Birtaniya, ana shawartar direba mai allurar insulin ya ci wani abu kafin ya kama hanya idan sukarinsa bai wuce milimol 5 ba, wato miligiram 90. Idan sukarin ya faɗi yana tuƙi, sai ya tsaya, ya sha sukari, ya jira minti 45 bayan ya dawo daidai kafin ya ci gaba.

Rubuta abin da aka ci da lokacin da alamomin suka zo, tare da lambar da na'ura ta nuna, na tsawon makonni biyu, yana taimaka wa likita gano musabbabin.

Ya kamata mai ciwon sukari ya koma asibiti idan sukarinsa na faɗuwa akai-akai, ko ya taɓa suma, ko ya daina jin gargaɗi, kuma kada ya dakatar da magani da kansa. Wanda ba shi da ciwon sukari kuwa, idan alamomin na zuwa masa da asuba kafin ya ci komai, ko bayan motsa jiki, ko suka kai shi ga ruɗewa, to yana buƙatar cikakken bincike, domin sauya abinci kaɗai ba zai magance ciwon hanta ko na ƙoda ko ƙari a fankiriyas ba.